Hoton da ya riga ni isa gida

Na zo Manchesta ne domin karatun digiri na biyu, kuma na zo ni kaɗai, domin tun daga watan Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana ɗalibai irina tahowa da iyalansu. Maiɗakina da yaranmu biyu suna Zariya, a sashen da Baba ya ba mu cikin gidan gado. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki na awa 20 a mako, don haka na nemi lasisin aikin gadi, wani kamfani ya ɗauke ni yana tura ni filayen ƙwallo da wuraren taro. Ba a tambayar mutum inda yake so. Saƙo ne yake shigowa waya da wuri da lokaci, wanda ya cika ƙin amsawa kuwa sai a daina kiransa, ga kuɗin haya yana jira. Ta haka na tsinci kaina, a ƙarshen watan Agusta, sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa, ina tsaye bakin shingen ƙarfe ranar da 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da magoya bayansu suke macinsu na shekara, wanda suke kira Pride.

Ba kiɗan ko tutoci masu launin bakan gizo ne suka fi ba ni mamaki ba, domin na sha ganin irinsu a talabijin. Abin da ban zata ba shi ne yawan tsofaffi, wasu a keken guragu ana tura su, da ma'aikatan asibiti da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan bankuna, kowane rukuni da kyallensa. Ni dai hankalina yana kan shingen da aka ba ni, da kuma tunanin inda zan samu in yi Azahar.

Wajen ƙarfe biyu na rana wayata ta yi ƙara, na amsa da Hausa na ce ina bakin aiki. Ina kashewa sai na ga wani matashi a ɗaya ɓangaren shingen ya zuba mini ido. Dogo ne siriri, yana riƙe da 'yar ƙaramar tuta a hannun hagu, kuma nan take ya cusa ta cikin aljihun wandonsa har sandar tana leƙowa. Ya matso ya yi mini sallama da Hausar da ba ta da gargada, Hausar Kano ko kewayenta, ya ce, "Yallaɓai, don Allah don Annabi, ba ka gan ni ba." Na ce masa ban san shi ba, balle in san wanda zan gaya wa. Leɓensa yana rawa ya ce, "Mahaifiyata tana da hawan jini." Bai ƙara komai ba, ya shige cikin jama'a. Ban faɗa wa kowa kamanninsa ba, kuma abin da na rubuta a nan bai isa a gane shi ba.

Ashe wanda asirinsa zai tonu a ranar, a kan laifin da bai yi ba, ni ne. Wani ɗan garinmu da yake zaune a nan, wanda muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, ya bi ta wurin ya ɗauki hotona ba tare da ya yi mini magana ba. Hoton ya kama fuskata sosai, wata babbar tuta tana kaɗawa a bayana, ya yanke kuma rubutun da yake jikin rigata mai nuna cewa aiki nake yi. Ya saka shi a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu da kalma biyu kawai, wai "Allah wadai." Kafin in koma ɗakina da daddare, hoton ya isa hannun surukaina.

Yayana ne ya fara kira. Bai amsa gaisuwata ba, ya ce, "Karatun da muka sayar da gona ka tafi ke nan?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka saurare ni, gadi aka tura ni, kamar yadda ake tura ni filin ƙwallo." Ya ce ai filin ƙwallo daban. Na tura masa saƙon da kamfani ya aiko mini da takardar biyan albashi, ya karanta, bai ba da amsa ba sai bayan kwanaki. Wanda ya ɗauki hoton har yau muna haɗa sahu da shi, yana miƙo mini hannu bayan sallama kamar bai yi komai ba, kuma wannan miƙo hannun ya fi hoton ci mini rai.

A wurin aiki ma ban sami inda zan sauke damuwar ba. Da na gaya wa shugabarmu, wata Baturiya mai kirki, abin da ya faru, sai idonta ya cika da ƙwalla ta soma ba ni lambobin ƙungiyoyin da suke taimaka wa masu neman mafaka, a zatonta ni ma ɗan luwaɗi ne da danginsa suka gano. Da na fahimtar da ita cewa ba haka ba ne, sai fuskarta ta sauya, ta tambaye ni ko ina da matsala da yin aiki tare da irin waɗannan mutane. A wurinta Musulmi ɗan Najeriya ɗayan biyu ne, ko wanda ake farauta ko mai farautar.

Wani dattijo da muke aiki tare, ɗan asalin garin, shi ya ba ni tarihin da ya sa na fahimci tsofaffin nan na keken guragu. Har zuwa 1967 luwaɗi laifi ne a dokar Ingila. Alan Turing, masanin lissafin nan da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1952 aka same shi da wannan laifi lokacin yana aiki a jami'ar garin nan, yau kuma gunkinsa yana zaune a kan benci kusa da titin Canal, matattarar 'yan luwaɗi a garin, hotonsa yana kan takardar fam 50. A 1988 gwamnatin Firaminista Margaret Thatcher ta kawo dokar da ake kira Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi tallata luwaɗi, mutane kusan 20,000 suka fito zanga-zanga a Manchesta, kuma sai a 2003 aka soke ta a Ingila. Salon macin kansa daga Amurka aka aro shi, daga tarzomar da ta tashi a 1969 bayan 'yan sanda sun kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a New York. Duk dabarar masu wannan fafutuka ta ginu ne a kan fitowa fili: mutum ya faɗi abin da yake, maƙwabcinsa ya ga cewa likitansa ne ko ɗansa, daga nan doka ta biyo baya.

Sai dai wata abokiyar aikinmu 'yar Afirka ta Kudu, wadda ita kanta 'yar maɗigo ce kuma ba ta ɓoyewa, ba ta yarda a ce komai daga Turawa ya fito ba. Ta ba ni labarin Simon Nkoli, wanda ya yi zaman kurkuku tare da masu yaƙi da mulkin wariyar launin fata, ya bayyana musu kansa a cikin kurkukun, kuma ya shiga gaba a macin farko da aka yi a Johannesburg a 1990, inda wasu suka rufe fuskokinsu da jakar takarda saboda tsoro. A can fafutukar ta shiga ta ƙofar gwagwarmayar 'yanci ne, shi ya sa kundin tsarin mulkinsu na 1996 ya haramta nuna bambanci a kan wannan, a 2006 kuma aka halatta auren jinsi. Duk da haka ta ce a unguwar da ta tashi takardar doka ba ta hana a kashe mace irinta ba, kuma abin da ya kawo ta Ingila ke nan. A Indiya kuwa kotu aka bi, shekara da shekaru ana shari'a har Kotun Ƙoli ta kawar da hukuncin Sashe na 377, dokar da ta haramta luwaɗi, a kan manyan da suka amince wa juna a 2018, kuma hujjar da masu fafutukar suka fi dogara da ita a bainar jama'a ita ce dokar Turawan mulkin mallaka ce tun 1860.

Ni ban sauya abin da na karanta a gaban malamaina game da luwaɗi da maɗigo ba, kuma na faɗa mata haka, ta ce ta sani, muka ci gaba da raba shayi daga butar ruwan zafi ɗaya. Amma na lura da wani abu da masu fafutukar nan ba su cika ganewa ba. A wurinmu sutura ita ce ginshiƙin zama tare. 'Yan daudu sun daɗe suna sayar da abinci a tashoshi da kasuwannin Kano da Kaduna, kowa yana da abin da yake zato, ana tsokanarsu ana cin tuwonsu, ba a kuma tsayar da mutum a ce sai ya faɗi ko shi wane ne. Da maganar ta koma ta tuta da sanarwa, har Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da suke hukunta 'yan luwaɗi a 2011, sai ta zama maganar mutuncin ƙasa, kuma wasu masu fafutuka na Afirka da kansu sun fito sun ce wannan barazana cutar da su za ta yi. A watan Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko mara musu baya, watanni kaɗan kafin a ɗaura auren jinsi na farko a Ingila. A wannan karon ba tsuntsun da ya ja ruwa ne ruwa ya doka ba. Mu ma a namu ɓangaren mun saki suturar da muke taƙama da ita, mun koma bin diddigi da yaɗa hotuna, alhali addinin da muke cewa muna karewa ya yi amfani da kalmomi masu tsanani wajen haramta leƙen asirin mutane da yin ƙazafi.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan al'amari ita ce maiɗakina. Ni ina nan inda babu ruwan kowa da ni, ita ce take fita gidan suna da gidan biki a ga ta shigo a yi shiru. Wata gwaggonta ta je har gida ta ce mata ta tattara yaranta ta dawo tun da sauran mutunci. Ta amsa mata da cewa, "Gwaggo, na san mijina, kuɗin makarantar yaran nan daga tsayuwar da yake yi a titi suke fitowa." Da ta ba ni labari na ji alfahari da ita, na kuma kwana ban yi barci ba, domin babu abin da zan iya yi mata daga nan sai kira da turo kuɗi. Ɗanmu babba ya daina zuwa islamiyya na mako guda saboda abin da yara suke faɗa masa, sai da ƙanina ya raka shi ya yi magana da malamin.

Inna ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Duk ranar Juma'a idan na kira, sai ta tambayi sanyi da abin da nake ci, ta ce in riƙe salla, ta sa mini albarka. Baba kuwa ta bakin Yaya ya aiko da saƙo cewa sun ji bayanina sun karɓa, amma in nemi aikin da ba na tsayuwa a titi ba, don a huta da bakin mutane. Na sami gurbi a wani ɗakin ajiyar kaya a bayan gari, aikin dare, albashinsa bai kai na gadi ba, kuma zan fara a farkon wata mai zuwa.