Sifikar mota: kuɗinka su fara daga ƙofofin gaba

Yawancin masu mota idan suka tashi gyaran sauti, but suke fara nufa. A sayo manyan sifiku 6x9 a dasa a bayan kujera, a ƙara ƙaton wufa, wato sifikar sauti mai kauri, mota ta riƙa girgiza, amma muryar mai waƙa ko mai karatu tana fitowa ta bayan ƙeya. Kai kuwa a gaba kake zaune, don haka daga gaba ya kamata sauti ya same ka. Idan kuɗin ba su da yawa, zuba mafi yawansu a ƙofofin gaba, na baya su jira.

Wajen saye, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wannan 600W ko 1000W da aka rubuta da manyan haruffa ƙarfin ɗan lokaci ne, ba a aiki da shi. Nemi lambar RMS, ita ce abin da sifika ke iya ɗauka a kai a kai. Haka ma rediyon mota: wanda aka rubuta masa 50W sau huɗu, abin da yake bayarwa na gaskiya bai wuce wat 15 zuwa 22 a kowace kafa ba. In dai ba za ka sa amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sifika ƙarfi, ba, sifika mai saurin amsawa za ka nema, wadda lambarta ta saurin amsawa (sensitivity) ta kai 90 dB ko sama. Tazarar 3 dB daidai take da ninka wuta, wato mai 87 sai ta ci ninkin abin da mai 90 ta ci kafin su yi ƙara ɗaya. Sifikar ta kasance mai om 4, wato ma'aunin yadda take tare wuta. Kada kuma mai wayarin ya haɗa maka biyu baki da baki a kafa ɗaya ta rediyo, don sun koma om 2, rediyon zai yi ta zafi har ya ƙone.

Zafin ƙasarmu ma abin lura ne. Sifika mai bakin soso ba ta jure rana, sai sosan ya ruɓe ya marmashe, musamman wadda ke ƙarƙashin gilashin baya. Mai bakin roba da cikin filastik ta fi daɗewa, ta fi jure laima da ƙurar hunturu.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda aka dasa ƙaramar sifikar siririn sauti, wato tuwita, a tsakiyarta. Tana da araha da sauƙin ɗaurawa, amma da yake a ƙasan ƙofa take, siririn sautin ƙafarka yake doka. Akwai kuma rarrababbiya: babbar mai inci 6.5 a ƙofa, tuwita daban, sai ɗan akwatin da ke raba musu sauti. Wannan na fi so a gaba, nesa ba kusa ba. Tuwita ka ɗora ta a ɗan kusurwar nan ta wajen madubin gefe, ko a ginshiƙin gilashin gaba, dama da hagu tsayi ɗaya, kowace ta fuskanci kujerar da ke ɗaya ɓangaren. Kar a taɓa ba ta waya kai tsaye ba tare da akwatin rabon ba, sauti mai kauri zai kashe ta nan take.

Ɗaurawar ce ke raba aiki mai kyau da na banza. Kafin ka saya, sauke gilashin ƙofa har ƙasa ka auna zurfin ramin, domin maganaɗisun sifika mai kauri yakan tokare gilashi. Idan wurin ya gaza, ana sa zoben da zai turo ta waje kaɗan. Na roba mai tauri ya fi, saboda ruwan sama yana bi ta cikin ƙofa, zoben katako kuwa da damina ta yi sai ya kumbura. Motocin Toyota da yawa ribiti aka kama sifikarsu da shi, sai an huda shi an cire, sannan a sa zoben da ya dace da ramin.

Sifika tana tura iska ta gaba, tana jan ta ta baya. Muddin akwai kafa a gefenta, iskar gaba da ta baya za su haɗu su kashe juna, kaurin sauti ya ɓace, ka ce sifikar ce ba ta da kyau alhali ɗaurin ne. Sa siririn soso mai gam tsakanin zoben da ƙarfe, ka ɗaure sukurori huɗun daidai ba tare da lanƙwasa bakinta ba. Sannan manna tabarmar hana kaɗawa a ƙarfen da ke bayanta, ka toshe manyan ramukan ƙofar. Ka tabbatar ta robar butil ce; mai kwalta in ta sha rana narkewa take yi, ta zubo, ta cika mota da wari.

Duba wayoyi kuma. Idan aka juya jar waya da baƙa a ƙofa ɗaya, wannan na turawa waccan na ja, sauti ya zama holoƙo. Gwajin mai sauƙi ne: taɓa batirin tocila mai bolt 1.5 a ƙafafun babbar sifikar na ɗan lokaci. In cikinta ya turo waje, ƙafar da ke taɓa ɓangaren batirin mai alamar tarawa, ita ce mai alamar tarawa. Ban da tuwita a wannan gwaji.

Wufa guda mai inci 10 ko 12 ta wadatar. A yi mata rufaffen akwati da katako mai kaurin milimita 18. Mai inci 12 takan so kimanin lita 30, amma bi abin da takardarta ta faɗa. Saita ta ta ɗauki abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mafi kauri, sifikun ƙofa su ɗauki na sama, sai ka ji sun daina kakari.

Wayar wutar amfilifaya ta zama jan ƙarfe zalla, ba alminiyon da aka shafa wa ja ba, da fiyus a cikin santimita 45 daga batir. Wayar ƙasa gajera, a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare wa fenti. Wayar sauti ta bi wani gefen motar daban da ta wuta, in ba haka ba za ka riƙa jin kukan da ke tashi duk sanda ka taka totur. Makunnin gain da ke jikin amfilifaya kuwa ba na ƙara murya ba ne. Kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ka riƙa murɗa makunnin gain ɗin a hankali har sauti ya fara dusashewa, sai ka dawo da shi baya kaɗan ka bar shi a nan.