Na daina lissafin taki da naira, da buhun masara nake yi

Gonar da na gāda tana gefen Funtuwa, kadada biyu da 'yan kai, kuma tun ina yaro rabi masara ake shukawa, rabi auduga. Da ta dawo hannuna sai na shigo da tunanin da yawancinmu muke da shi: idan gona ba ta ba da amfani ba, to taki ne bai isa ba.

A daminar 2017 buhun Kamfa, wato NPK, yana naira 5,500 a ƙarƙashin shirin takin da gwamnatin tarayya ta ƙulla da ƙasar Maroko. Na sayi buhu biyar, na raba wa gonar gaba ɗaya don kada wani sashe ya rasa. Watsawa na yi a kan kunya, bayan masara ta haura wata guda, ciyawa kuma ta riga ta kama. Da kaka ta yi, abin da na sussuka bai taka kara ya karya ba. Baba, Allah ya jiƙansa, ya zagaya gonar da sandarsa, ya tsaya inda wuta-wuta ta yi jajir da fure, ya ce: "Kai yaro, ciyawa ka ciyar. Ƙasar nan ta gaji, taki kaɗai ba zai tashe ta ba."

Wani malamin gona ne ya fayyace mini lissafin daga baya. Abin da masu bincike ke ba da shawara ga masara a yankinmu shi ne kilo 120 na sinadarin naitirojin a kowace kadada, wato hekta, da kilo 60 na fosfet, da 60 na fotash. Idan aka mayar da shi buhuna, kusan Kamfa 15-15-15 buhu takwas ke nan da Yuriya buhu biyu da rabi. Ni kuwa buhu biyar na shimfiɗa a kadada biyu, har da auduga. Babu shukar da ta ƙoshi.

Shekarar da ta biyo baya na yi abin da ya yi mini wuya a zuciya: na rage gonar masara zuwa rabin kadada, sauran na zuba waken suya. Tun da rani na yi ta kai kashin awaki da toka da shara a amalanke. Na nemo irin SAMMAZ 15 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wanda yake jure wuta-wuta. Kwana goma bayan shuka na sa Kamfa, murfin kwalbar lemo ɗaya a gindin kowace shuka, a ɗan nesa da tushe, in tona da tsinke in binne. Yuriya kuma sai da na gama noman firi, a mako na biyar, ranar da ƙasa ke da danshi. Binnewar nan ita ce wahalar, domin tana cin kuɗin 'yan ƙodago, amma Yuriyar da aka bari a sarari cikin zafin rana, wani kaso nata iska yake bi, ruwan sama mai ƙarfi kuma ya wanke saura. Rabin kadadar nan ta ba ni fiye da abin da kadada guda ta ba ni a 2017. Inda waken suya ya zauna kuwa, da na mayar da masara wurin, ganyenta har wani duhu yake yi don kore.

Auduga ta koya mini wani abu dabam. Akwai shekarar da na ɗura mata Yuriya kamar yadda nake yi wa masara. Ta yi tsawo har ƙirjina, ganye ya rufe ko'ina, mai wucewa ya ce sambarka. Amma 'ya'ya kaɗan ta riƙe, suka kuma makara wajen fashewa, tsutsa ta samu mafaka a cikin duhun ganyen. Kuɗin feshi na cinye a taki, sai na yi feshi sau biyu kacal. Takin da auduga ke so bai kai na masara ba, kuma duk wanda ba zai iya feshi a kan kari ba, ko ya shuka ta bayan tsakiyar Yuli, gara ya riƙe kuɗinsa. Ga kuma matsalar mai saye: masara ko ba ta yi kuɗi ba za ta shiga rumbu a ci tuwo, auduga kuwa dole ka kai ta ma'auni, ka karɓi farashin da aka yanka maka.

Daga 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin taki a duniya, sannan aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, sai lissafi da kuɗi ya daina yi mini ma'ana. Yanzu tambaya ɗaya nake yi kafin in sayi taki: buhun masara nawa zan kai kasuwar Dandume kafin in ɗauko buhun taki ɗaya? Idan buhun masara ɗaya zai sayo buhun taki ɗaya har da canji, ina saye hankali kwance, domin a ƙasar da aka gyara buhun taki yana dawo da fiye da haka nesa ba kusa ba. A 2025 da hatsi ya karye, taki kuma ya ƙi sauka, na ga maƙwabta da suka ci bashin taki sun sayar da masara tun tana sabuwa don su biya, wasu har da tumaki. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin ba lalaci ya jawo musu ba. Sun yi noma iya noma.

Sau ɗaya kuma na sayi taki mai araha a hannun wani dillali, da na jiƙa shi a kofi sai yashi ya kwanta a ƙasa. Tun daga nan ba na sayen buhun da aka sake ɗinke bakinsa.

Bana rabin kadada zan sake yi wa masara, auduga kuma kwata, daidai abin da kuɗin feshina zai ɗauka. Amalanken kashin awaki na goma sha biyu ya shiga gona jiya da yamma.