Mazaunin gyaran kan keken ɗinki: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyon gyaran keke, firam ɗin katakon da za a riƙa ɗora kan keken ɗinki a kai don gyara ya haɗu, saura fenti. Ga yadda aka yi shi, da wuraren da ya ba da wahala.

An yi shi ne don kan baƙin keke irin Butterfly da tsohon Singer, wanda gindinsa ke da tsawon kusan inci 14 da rabi, faɗi inci 7. Duk da haka kada ku yanka katako da wannan lissafi. Ɗora kan keken a kan kwali, ku zana gefensa da fensir, ku yi aiki da zanen. Kusurwoyin gindin a lanƙwashe suke, rami mai kusurwa tsaye yana barin giɓi, keke ya riƙa rawa.

Katako tu-bai-fo (mai kaurin inci 2, faɗi inci 4) guda huɗu aka tsayar a kan gefensu, aka haɗa kamar akwati marar murfi. Zurfin nan na inci 4 ya isa sandunan ƙasa da gidan ƙoshiya su juya ba su taɓa komai ba. A kowace kusurwa ta ciki an kafa ɗan guntun katako da gindin keken zai zauna a kai. Gam da sukuru, ban da ƙusa, domin ƙusa tana sakewa in ana yawan kwantar da keke ana tayarwa. Kuma a nemi busasshen katako. Ɗanye da ya sha iskar hunturu sai ya murɗe, ramin ya matse.

Hinji biyu daga tsohon teburin keke aka ciro. Suna shiga ramuka biyu da ke bayan gindin, a ɗaure su da ƙananan sukurorin da ke wurin.

Babbar matsalar ta fito ne a gwajin farko. Da aka kwantar da kan baya don duba haƙorin da ke jan yadi, nauyin ƙarfen ya koma bayan hinji, gaban firam ya ɗaga, saura ƙiris komai ya kife. Maganin shi ne filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu a ƙasa, ya zarce bayan firam da inci 10, sannan aka kafa turke a kansa daidai inda jikin keken na sama zai jingina. An naɗe kan turken da tsohon tiyub don kada ya goge fenti. A ɗan matso da turken ɓangaren wili, can nauyi ya fi.

Cikin ramin an shimfiɗa farantin kwano, shi ke tare kananzir da man keke in ana wanki. Maganaɗisun tsohuwar sifika a gefe yana riƙe ƙananan sukurori, musamman na allura, wanda in ya faɗi ƙasa sai dai a haƙura.

Kan Juki na masana'anta ba zai hau wannan ba. Ya fi tsawo, nauyinsa ya ninka, nasa firam daban za a yi.