Gonakin alkamar El Reno bayan wucewar guguwa

Kwana biyar bayan mahaukaciyar guguwar da ta faɗa wa El Reno, wani gari a jihar Oklahoma ta Amurka, a ranar Juma'a 31 ga Mayu, 2013, wani ƙanena ɗan Damagaram da ke karatun yanayin sama a Jami'ar Oklahoma ya ƙwanƙwasa min ƙofa da sassafe. Ya ce, "Yaya, shirya mu je. Abin nan sai an gani da ido." Muka bar Norman, garin da jami'ar take, bayan sallar asuba, muka nufi arewa.

Hanya ta ratsa ta garin Moore, inda wata guguwar ta kashe mutum 24 a ranar 20 ga Mayu. Unguwanni sun kwanta ƙasa, sai daɓen siminti da tarin katako. Babu wanda ya yi gardama a kan ƙarfin ta Moore: EF5 aka ba ta, matakin ƙoli a ma'aunin ƙarfin guguwa, domin ta bar shaida a jikin gidaje fiye da dubu. Ba mu tsaya ba. Daga birnin Oklahoma muka karya yamma a kan babbar hanya mai lamba 40, muka sauka kudu da El Reno, muka shiga hanyoyin burji da suka yanka gonaki kamar awon igiya, mil guda tsakanin kowace biyu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin abin gani. Na zo da tunanin kango, sai na tarar da fili: jar ƙasa irin ta wajen Zariya, alkama ta nuna tana jiran girbi, sama fes. Sai da ƙanena ya tsayar da mota ya fara nuna min sannan idona ya buɗe. Alkamar ta kwanta, amma ba fuska ɗaya ba, ta murɗe kamar an juya ta da muciya. Falwayoyin lantarki sun karye a jere. Wani fallen kwano ya naɗe jikin bishiya kamar rawani. Can gaba ga gawar saniya a cikin kwari, ga damman ciyawa manya-manya an watsar da su nesa da inda aka jera su.

A nan ya koya min yadda jami'an hukumar yanayi ta Amurka ke aikinsu. Ba kasafai ake samun na'urar awon iska a tsakiyar guguwa ba, don haka ɓarnar ake karantawa a gano ƙarfin iskar da ta yi ta. Ted Fujita na Jami'ar Shikago ne ya kafa ma'aunin a 1971, aka gyara shi a 2007 ya zama EF, mai matakai daga 0 zuwa 5. Akwai abubuwa iri 28 da ake dubawa: gidan zama, makaranta, shago, rumfar dabbobi, falwaya, bishiya da sauransu. Kowanne yana da iyakar abin da zai iya shaida. Rumfar shanu ko da ta baje gaba ɗaya ba za ta kai ka sama da EF2 ba, tunda iska matsakaiciya ma ta isa ta kayar da ita. Ya durƙusa a bakin wani tushen gida yana laluba gefen simintin. Ya ce abin da ake nema shi ne ko an ɗaure katakon bango da ƙarfe mai noti, ko kuwa ƙusa kawai aka buga. Gidan da aka riƙe da ƙusa, tashinsa ba hujja ba ce. Na tuna iskar farkon damina a garinmu, wadda kan yaye rufin maƙwabci ta bar namu, kuma kowa ya san bambancin yana wajen kafinta.

To ga inda matsalar take. Wannan guguwa ta yi faɗin kilomita 4.2, ba a taɓa auna mai faɗinta ba. Ta yi kusan minti 40 a ƙasa, ta yi tafiyar kilomita 26. Wata na'urar rada da ake ɗauka a mota ta auna iska sama da kilomita 470 a awa a cikinta, alhali EF5 daga 322 yake farawa. A ranar da muka je, an riga an ɗaga ta zuwa EF5 saboda wannan awo. A ƙarshen watan Agusta aka mayar da ita EF3, da hujjar cewa ma'aunin na ɓarna ne, kuma wurin da iskar ta fi tsanani babu gini, sai alkama. Ƙanena yana ganin daidai ne, don kada a cakuɗa awo biyu a littafi ɗaya. Na fahimci hujjar, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Ma'aunin da ba shi da gurbin gona, ba shi da na garke, bai ma da na mota a lokacin, ya bar mutanen karkara a baya. Mutum takwas guguwar ta kashe, dukansu a cikin motoci. Uku daga ciki masu bincike ne, Tim Samaras da ɗansa Paul da Carl Young, waɗanda guguwar ta rutsa da su lokacin da ta kumbura ta karya kwana ba zato. Mun wuce ta kusa da wurin, muka yi shiru.

Da la'asar muka ga wani dattijo da jikokinsa suna tafiya a jere cikin alkama, kowa da bokiti. Muka gaisa, ya gaya mana cewa motar girbi ba za ta shiga gonar ba sai an tsince duk ƙarfen da iska ta zubar, domin guntun waya ɗaya ya isa ya lalata injin. Girbi kuma ya ƙarato. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, ka san aikin gona ai." Muka karɓi safar hannu muka shiga layi. Na tsinci ƙusoshi, da guntun kwano, da marfin tukunya, da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ba mu kai rabin gonar ba magariba ta yi, muka yi sallah a gefen shinge, muka yi wa dattijon alƙawarin dawowa ranar Asabar.