Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Na Ga Kano Daga Kan Dala

A makon jiya na tsaya a inda na dawo gida da takardar shiga jami'a a aljihu, raina a jagule. Lauya na so zama, makina bai kai ba. Abin da aka rubuta mini shi ne jogarafi, wato labarin ƙasa. A 1987 ke nan.

Sai bayan magariba na sami Baba a zaure, ya dawo daga rumfarsa ta Kurmi yana shan fura. Na durƙusa na miƙa masa takardar, na fassara masa abin da ke ciki.

"Labarin ƙasa?" ya ce. "Wato shekara da shekaru za ka zauna ana ba ka labari?"

"Baba, ilmi ne. Har digiri ake yi a kansa."

Ya ajiye ludayi. "Kakana da ƙafarsa ya riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Ya san inda kowace rijiya take, ya san mashigin da ake ƙetare Kwara, ya san watan da ayari zai tashi don kada damina ta rutsa da shi a hanya. Wa ya ba shi digiri?"

Ban da amsa. Inna, wadda ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, a bar yaron nan ya je. Abin da Allah ya ba shi ke nan." Da haka aka rufe zancen.

Ni kaina ra'ayin Baba nake da shi. Labarin ƙasar da na sani a sakandare hadda ce zalla: babban birnin ƙasa kaza, kogi kaza ya fi kogi kaza tsawo, a zana taswirar Nijeriya a nuna inda Kwara da Binuwai suka haɗu a Lakwaja. Mu haddace, mu juye a takardar jarrabawa, mu manta.

Malamin da ya fara shigo mana aji wani dattijo ne siriri, ba ya rabo da hula zanna. Ya ce kalmar jogarafi daga Girkanci ta fito, ma'anarta rubuta ƙasa ko siffanta ta. Sannan ya rubuta tambaya uku a allo: Ina abin yake? Me ya sa yake nan bai kasance can ba? Me zamansa a nan ya jawo? Ya ce duk wanda ya tsaya a ta farko ɗan firamare ne, ko da furfura a kansa. Ilmin kuma reshe biyu gare shi. Ɗaya na duba halittar ƙasa: duwatsu, koguna, iska, ruwan sama, irin turɓaya da tsirrai. Ɗayan na duba ɗan'adam a kanta: garuruwa, noma, kasuwanci, hijira, hanyoyi. Taswira ce igiyar da ta ɗaure su.

Wani daga bayan aji ya ce ai duk wannan na Turawa ne. Malam bai yi fushi ba. Ya ba mu labarin Eratosthenes, wanda ya zauna a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2200 da suka wuce. Ya ji cewa a Aswan akwai ranar da rana ke haska ƙasan rijiya da tsakar rana, a ranar kuma sanda a Iskandariyya tana da inuwa. Ya auna karkatar inuwar, ya ga kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya fitar da kewayen duniya. Ya kawo al-Idrisi, wanda ya kammala taswirar duniya a Sisili a 1154, kudu a sama, arewa a ƙasa. Ya kawo Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda Baturen Birtaniya matafiyi Clapperton ya samu taswirar ƙasashen nan da koginsu a wurinsa a Sakkwato a 1824. Mai tambayar ya yi tsit.

Abin da ya fi kama ni shi ne da ya ce abin da ya faru a Aswan yana faruwa a Kano sau biyu a shekara. Muna wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka bayan 20 ga Afrilu da kuma bayan 20 ga Agusta akwai ranar da inuwar mutum ke komawa ƙarƙashin ƙafarsa da tsakar rana. Shekara goma sha tara ina taka inuwata a lungunan birni ban taɓa lura ba.

A farkon Nuwamba ya ce mu haɗu a gindin Dala da sassafe, kowa da fensir da farar takarda. Dariya ta kusa kama ni. Ni da aka haifa a cikin badala, da muka hau Dala sau ba adadi muna yara, muna tsere muna tsorata juna da Tsumburbura, me za a nuna mini?

Da muka kai sama ya ce kada kowa ya yi magana, mu duba kawai. Kaka ce, sama garau. Ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a kusa da gidan Sarki, ga rufin Kurmi a cunkushe. Sai ya tambaya, "Me ya sa gari ya zauna a nan?"

Muka fara kawo Barbushe da Bagauda. Ya ce wannan na malamin tarihi ne, shi ƙasa yake tambaya. Ya ɗauki wani jan dutse ya miƙa mini. Nauyinsa ya fi girmansa. Tama ce a ciki, ita ta zaunar da maƙera a nan tun kafin a yi sarauta. Ƙarfe ya ba da fartanya da mashi, tsaunin ya ba da wurin hango maƙiyi, fadamar Jakara ta ba da ruwa, ƙasar kewaye kuma tana karɓar gero da dawa. Ya nuna mana yadda ganuwa, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, ta zagaye har da filayen noma, don in an yi wa gari ƙawanya a sami abin ci. Ya nuna Kurmi a bakin Jakara, inda Muhammadu Rumfa ya kafa ta. Daga nan ya juya mu gabas: Fagge a wajen ganuwa, masaukin baƙi, sai Sabon Gari da ya taso bayan layin dogo ya iso a 1911, lokacin da gyaɗa ta juya fuskar kasuwancin Kano daga hamada zuwa bakin teku.

Ya ce nan da wata guda ko biyu ba za mu iya ganin Goron Dutse sosai ba, kuma ƙurar da za ta rufe shi yawancinta daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Damina kuwa iskar kudu maso yamma ce daga teku ke ture waccan ta yi arewa, shi ya sa ruwa ke fara sauka a Legas kafin Zariya, Zariya kafin Kano. Kuma ruwan da ya zuba a birnin nan ba ya komawa teku. Challawa da Kogin Kano su haɗu su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗeja, su gangara Yobe, abin da ya tsira ya nufi Tafkin Chadi.

Sannan ya ce mu ƙirga kududdufai. Daga sama suna ƙyalli kamar an watsa madubai a cikin gari. Ni dai a wurina kududdufi wurin sauro ne da shara da kwaɗi. Malam ya ce kowane gidan ƙasa da muke gani daga cikin ɗaya daga ramukan nan aka haƙo shi. Da damina kuma ruwan da ya zubo daga indararon gidan, ramin ne ke shanye shi, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali. "Ku cike shi," in ji shi, "ruwan ba zai fasa zuwa ba. Zai zo ya tarar an yi ɗaki a wurinsa."

Har yau ina ganin darasin nan ya fi duk littattafan da na saya a shekarar. Yanzu ɗalibai na da hoton tauraron ɗan'adam a waya, suna jan Kano da yatsa, amma da yawansu ba su san ta ina ruwan unguwarsu ke fita ba.

Da dare na shimfiɗa wa Baba taswirar Afirka ta Yamma a kan tabarma, na matso da fitilar ƙwai. Ba ya karanta boko, sai ya riƙa kiran zangon da ya ji a bakin manya ina nemowa. Da na ɗora yatsa a kan Salaga, kasuwar goron Gwanja, ya daɗe yana kallo, ya auna tazararta da Kano da taƙinsa, ya ce, "Ashe tafiyar wata da watanni ke nan." Bai ce ya yarda da karatun ba, amma ya ce in bar masa taswirar zuwa gobe, zai nuna wa maƙwabtan rumfarsa.

Ganin ya sake, sai na kawo maganar da ke cina tun a kan Dala. Kududdufin bayan gidanmu an fi shekara ana zuba masa shara da ɓaraguzai, har an kafa turaku an fara yanka fuloti. Na ce, "Baba, in aka gama cike shi, ruwan lungun nan katangarmu ta baya zai nufa."

Ya yi murmushi. "Wata biyu da shiga makaranta har ka fara duba? Katangar nan ta girme ka, ta girme ni."

Aka gama cikewa da rani, aka ɗora bulo. Damina ta sauka lafiya, Yuni da Yuli ba abin da ya faru, har ƙannena mata suka sa mini suna Malamin Kududdufi. Sai ga Agustan 1988, watan da madatsar Bagauda ta ɓalle. Daren da aka fara ruwan, ina ɗakin zaure ina barci, na ji Inna, wadda ba ta taɓa kama sunana ba, tana ƙwala mini kira da shi.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.