Ruwa nawa shukar tukunya take sha?

Ba na auna wa shukokina ruwa da kofi. Tumatir, barkono da na'a-na'a da nake reno a tukwane, duk wanda lokacinsa ya yi, zuba masa nake yi a hankali har sai ruwa ya fara ɗiga ta hujin gindin tukunyar. Wannan ɗigar ce ke nuna min cewa ruwan ya kai ga saiwar ƙasa. Yayyafin sama-sama kuwa fuskar ƙasa kawai yake jiƙawa, can ciki na nan a bushe.

Wahalar tana wajen sanin lokacin. Da safe nakan cusa yatsa cikin ƙasar, kamar santimita 3 zuwa 5. Idan ya fito da danshi da ɗan sanyi, sai in wuce. Idan ƙasar ta zube daga yatsan, to ta nemi ruwa. Ƙananan tukwane kuma ɗaga su nake yi, domin hannu yana saurin gane bambancin nauyin jiƙaƙƙiya da busasshiya. Tukunyar yumɓu tana fitar da laima ta jikinta, shi ya sa take riga ta roba bushewa. A ranar zafi mai iska, tumatir da ya ɗauki 'ya'ya yakan nemi ruwa safe da yamma, alhali alobera tana iya yin mako biyu ba ta damu ba.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne, yaushin ganye ba kullum ƙishirwa ba ne. Saiwa tana buƙatar iska. Idan ƙasa ta daɗe cikin ruwa, saiwar sai ta ruɓe, ta kasa jan ruwan da ke kewaye da ita, ganye ya langaɓe, ya yi rawaya. Mai shuka ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara zubawa. Na taɓa zare irin wannan shuka daga tukunyarta: saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, maimakon fara mai ƙwari. Shi ya sa ba na barin ruwa ya kwana a farantin da ke ƙarƙashin tukunya, kuma tukunyar da ba ta da huji ba na shuka komai a cikinta sai na huda ta.

Akwai kuma ƙasar da ta bushe ƙarau har ta janye daga jikin tukunya. Kana zubawa ruwan zai bi gefe ya fice, ka ɗauka ta ƙoshi. Irin wannan nakan zaunar da tukunyar cikin baho mai ruwa na kimanin rabin awa, ta sha ta ƙasa, sannan in ɗauke ta ta tsane. Idan kuma na ga fari-fari kamar kanwa a bakin tukunya, gishirin taki ne da na ruwa ya taru, sai in kwarara mata ruwa sosai ya wanke shi ta hujin.