Littafin ɗakin gwaji da fuskar malami

Duk shekara idan na fara darasin ɗa'ar bincike da ɗaliban digiri na biyu da na uku, labarin Kano na 1996 ne yake fara zuwa bakinsu. Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara kusan 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Aji kan ɗauki zafi, kowa ya yi tir. Amma na lura tir ɗin ba ya bin ɗalibi zuwa ɗakin gwaji. A ganinsa wannan laifin manya ne, shi kuwa ɗan samfurin jini kawai yake aunawa.

Wanda yake taɓa su shi ne labarin Jan Hendrik Schön, matashin masanin fiziks da ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka. Takardunsa sun yi ta fitowa a manyan mujallun kimiyya, Nature da Science, har wasu masana suka lura zanen sakamako ɗaya ya bayyana a takardu daban-daban, ƙananan karkace-karkacen da ba sa taɓa maimaita kansu daga gwaji zuwa gwaji sun zo iri ɗaya sak. Da kwamiti ya zauna a 2002 ya nemi littafin aikinsa, babu. Ainihin bayanan ma ya ce ya goge su, wai kwamfutarsa ta cika. A 2004 jami'ar Konstanz ta Jamus ta ƙwace digirinsa na dakta. A nan nakan ce kowa ya buɗe nasa littafin mu gani. Sai ka ji aji ya yi tsit.

Abin da nake nema a littafin ba shi da yawa: biro ba fensir ba, kwanan wata a kowane shafi, kuskure a ja masa layi ɗaya a bar shi yana karantuwa, ba a yage takarda. Idan aka ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, samfura suka kwana a firizar da ta huce, a rubuta. Wannan ne ɗalibai suka fi ƙi, don sun san rubuta shi na iya jawo a sake aikin wata uku da kuɗin sinadarai daga aljihunsu. Haka lambar da ta fita daban da 'yan uwanta: ƙa'idar cire ta tun kafin a fara gwaji ake tsara ta, ba bayan an ga tana ɓata zane ba.

Sai dai ba na ɗora wa ɗalibi laifin duka. A badaƙalar Hwang Woo-suk, masanin kimiyya na Koriya ta Kudu, wanda mujallar Science ta janye takardunsa a 2006, mata biyu daga ƙananan ma'aikatansa sun ba da ƙwayayen haihuwarsu don binciken ogansu. Ko da sun ce da yardarsu ne, wace irin yarda ce ta wanda makomarsa take hannunka? Mu da aka rene mu a kan ba a musu da babba mun fi kowa sanin amsar. Ɗalibi zai zo ya ce, “Malam, sakamakon bai fito ba,” idonsa na kan fuskarka. In ka ɗaure fuska ka ce ya je ya gyara, to ka ba shi umarni ne, kuma mako mai zuwa sakamako zai fito tsaf, Allah kaɗai ya san daga ina.

Maganar sunaye a kan takarda ma haka take. “A sa sunan wane, yana neman ƙarin girma,” kuma wanen nan bai taɓa leƙo ɗakin ba. Ɗalibi ba zai iya cewa a'a ba, don haka ni nake faɗa a madadinsa. Tun kafin a sayi sinadarin farko mukan zauna mu rubuta wanda zai yi me, da inda sunansa zai zo, kowa ya sa hannu, shugaban sashe ya riƙe kwafi.